Lifta: Mu San Abin Da Muke Hawa, Mu Kuma Nemi A Kula Da Shi

Duk ɗan kasuwar da ya taso daga Kye-Ossi, ko Abang-Minko, ko Bitam ya nufi Libreville ya san cewa wahalar tafiya ba a tashar mota take ƙarewa ba. Bayan ya sauka wurin mai masaukinsa a Awendjé ya huce gajiya, akwai sauran zirga-zirga a cikin gari: ga banki, ga ofishin masu fiton kaya, ga neman takardu, wani lokaci kuma ga dubiyar marar lafiya a asibiti. Da yawa daga cikin waɗannan wurare a saman bene suke, hawa na biyar ko na takwas, kuma hanyar isa can ita ce wannan ɗan ɗaki na ƙarfe mai hawa da sauka, wanda 'yan'uwanmu na Nijeriya ke kira lifta, mu kuma a nan ɓangaren Faransanci muka fi saninsa da asansar.

Kwanakin baya wani dattijo cikin 'yan kasuwarmu da ya sauka a Awendjé ya ba mu labarin abin da ya same shi a wani bene a tsakiyar gari. Su biyar ne a cikin lifta aka ɗauke wuta, ta tsaya cik a tsakanin hawa biyu. Nan take aka shiga salati, wata mata ta fashe da kuka tana cewa yanzun nan za su rikito ƙasa. Sai wani saurayi mai ji da ƙarfi ya sa hannu ya ɓamɓare ƙofa, ya hango 'yar rata ta sama, ya ce shi kam ta nan zai fita. Mai gadin gidan ne daga waje ya daka masa tsawa, ya saki ƙofar ta koma ta rufe. Ba a jima ba janareta ta tashi, lifta ta ƙarasa da su lafiya. Dattijon ya ce tun daga ranar, ko hawa goma ne gara ya bi matakala, ga shi kuwa yana fama da ciwon gwiwa.

Wannan labari ne ya sa muka ga ya dace mu keɓe sharhinmu na yau ga wannan na'ura. A ra'ayinmu, abubuwa biyu ne ke jawo asarar rai a lifta, wato rashin sani daga wajen mai hawa, da kuma sakaci daga wajen mai gida. Na farko muna iya maganinsa da kanmu, na biyu kuwa sai mun buɗe baki mun nema. Duka biyun suna bukatar mutum ya san yadda abin yake aiki, domin Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

Liftar da aka fi samu a dogayen benaye ita ce mai igiya. Wanda ya taɓa ganin jigon ban-ruwa a lambu ya riga ya fahimci rabin aikinta. Mai lambu yakan ɗaure guga a wannan gefe na sanda, ya ɗaura dutse ko curin laka a ɗaya gefen, saboda haka in ya zo ɗago guga cike da ruwa, nauyin dutsen ne ke yi masa mafi yawan aikin. To, haka lifta take. Ana rataye ɗakin da mutane ke shiga da igiyoyin ƙarfe, igiyoyin su haura can sama su bi ta kan wata babbar ƙafa mai kwarmi da makanikai ke kira fuli, sannan su gangaro ɗaya gefen inda aka rataye wasu tubalan ƙarfe masu nauyi. In ɗakin ya yi sama, tubalan su yi ƙasa. In ɗakin ya yi ƙasa, su yi sama. Galibi akan daidaita nauyin tubalan ne ya zama nauyin ɗakin da kansa, a ƙara kusan rabin nauyin da aka ƙayyade masa ya ɗauka. Alal misali, in ɗakin kilo 1,000 ne, kuma an yi shi don ɗaukar kilo 630, to tubalan za su kai wajen kilo 1,300. Ke nan injin lantarkin da ke juya fulin ba ya ɗaga dukkan nauyin, bambancin da ke tsakanin gefen biyu kawai yake ja, kamar yadda ɗan ƙaramin awo ke rinjayar da sikeli.

Da wannan dabara ce ake kaiwa ƙololuwar manyan benayen duniya. Alhazanmu sun ga irinta a masaukan Makka, masu zuwa Dubai kuma sun san benen Burj Khalifa mai tsawon mita 828, wanda aka buɗe a 2010. Masu sarin kaya a Guangzhou ta ƙasar Sin kuwa, a birnin nan ne akwai wani bene mai tsawon mita 530 inda liftar kamfanin Hitachi ta kai gudun mita 21 a daƙiƙa ɗaya, wato fiye da kilomita 75 a awa, gudun da direban babbar mota zai yi murna da shi a hanyar Oyem. Tun daga 1996, lokacin da kamfanin KONE na ƙasar Finland ya fito da ƙaramin inji da ake maƙalawa a cikin ramin liftar, an samu irin wadda ba ta bukatar a gina mata ɗakin inji a kan rufi, kuma irinta ce ake yawan sa wa sababbin benaye matsakaita.

Tambayar da ke ran kowa ita ce, in igiya ta tsinke fa? Da farko dai igiyar ba ɗaya ba ce, akan sa huɗu, ko shida, ko fiye, kuma ƙa'idar Turai ta tanadi cewa ƙarfinsu ya ninka nauyin da suke ɗauke da shi aƙalla sau 12. Na biyu, ɗakin yana tafiya ne a tsakanin wasu dogayen ƙarafa biyu da aka kafa a jikin bango, kamar layin dogo a tsaye. Akwai wata 'yar na'ura mai lura da gudu, wadda da zarar ɗakin ya wuce gudun da aka ƙayyade masa, sai ta fizgi wasu haƙoran ƙarfe da ke ƙarƙashinsa su ciji ƙarafan nan, ɗakin ya ƙame a wurin. Na uku, a can gindin ramin akwai abin tare faɗuwa, na sifirin ko na mai. Asalin wannan dabara ta haƙora ya samo tushe ne daga wani Ba'amurke mai suna Elisha Otis, wanda a wajen wani baje koli a birnin New York a 1854 ya hau wani dandamali da aka ɗaga sama, ya sa aka datse igiyar a gaban jama'a, dandamalin ya tsaya bai faɗo ba. Abin da zai ba 'yan kasuwa sha'awa shi ne, liftarsa ta farko ta ɗaukar mutane a wani kanti mai hawa biyar aka sa ta, a New York ɗin, cikin watan Maris na 1857, don masu sayayya su riƙa kaiwa ga hajar da ke sama. Mai aiki da lantarki kuwa, Bajamushe Werner von Siemens ne ya fara nuna ta a 1880.

Saura batun ɗauke wuta, wanda shi ne ya fi damun mu a nan. Birkin lifta ya saɓa da na mota. Na mota a sake yake sai ka taka. Na lifta kuwa a damƙe yake kullum da ƙarfin sifirin, wutar lantarki ce ke buɗe shi a duk lokacin da za a yi tafiya. Saboda haka da zarar wuta ta ɗauke, birki ya koma ya damƙe, lifta ta tsaya inda take. Wato tsayawar da ta sa matar nan kuka, ita ce alamar cewa na'urar ta yi abin da aka ƙera ta ta yi.

Iri na biyu ita ce mai mai, wadda ake tura ta daga ƙasa. Duk wanda ya ga yadda tifa ke ɗaga bodinta ta zubar da yashi, ko yadda jak ke ɗaga mota a gareji, ya ga aikinta. Famfo ne ke tura mai daga tanki zuwa cikin wani dogon bututu, man ya tura sandar ƙarfe, sandar ta ɗaga ɗakin. In za a sauko, sai a buɗe wa man hanya ya koma tanki a hankali, nauyin ɗakin ya sauko da shi. Irin wannan ba ta da gudu, ba ta cika wuce mita ɗaya a daƙiƙa ba, kuma ba a cika sa ta a benen da ya wuce hawa biyar ko shida ba, amma tana da ƙarfin ɗaukar kaya masu nauyi, shi ya sa ta dace da ɗakunan ajiya da ƙananan asibitoci. In wuta ta ɗauke, makanikin da ya san aikinsa yana iya buɗe wa man hanya da hannu ya sauko da mutane. Matsalarta ita ce yoyon mai, da zafin da man ke ɗauka in aiki ya yi yawa, ga kuma cin wuta a wajen hawa, tun da yawancinsu ba su da tubalan da ke rage wa inji aiki.

Bayan waɗannan biyu akwai wasu. Akwai wadda magina ke kafawa a jikin benen da ake ginawa, wadda ke hawa a kan wani dogon ƙarfe mai haƙora. Akwai 'yar ƙarama ta gidajen masu hali mai aiki da zuƙar iska, wadda ba ta wuce mutum biyu ko uku. Akwai kuma ta ɗaukar kaya zalla, wadda ba a yi ta don mutum ba sam. A nan ne muke son jan kunnen 'yan'uwanmu masu ɗakunan ajiya. Abin da walda ya haɗa maka da injin ja da igiya guda ɗaya, don hawar da katon-katon zuwa soro, ba shi da haƙoran cizo, ba shi da na'urar lura da gudu, ba shi da komai a gindi. Ranar da igiyar ta gaji, babu abin da zai tare shi. Kada ka hau, kada ka bar yaron shagonka ya hau, kada kuma kowa ya tsaya a ƙarƙashinsa.

Duk wanda ya zauna a Libreville cikin 2024 da 2025 ba sai an ba shi labarin ɗauke wuta ba. Birnin ya dogara ƙwarai ga madatsun ruwa na Kinguélé da Tchimbélé, kuma bukata ta daɗe da fin ƙarfin abin da ake samarwa, har ta kai kamfanin SEEG yana raba wuta unguwa-unguwa, aka kuma ɗauko jiragen ruwa masu samar da lantarki na kamfanin Karpowership na Turkiyya don a cike giɓi. A irin wannan gari, maƙalewa a lifta abu ne da ya kamata kowa ya sa ran zai iya faruwa da shi. Ga kuma ruwan sama da ke kusan kaiwa mita 3 a shekara, wanda ke iya taruwa a gindin ramin lifta, ga iskar teku mai gishiri da ke cin ƙarfe. Na'urar da za ta yi shekaru lafiya lau a wata ƙasa, a nan tana bukatar ido fiye da haka.

To, me ya kamata mutum ya yi in ta tsaya da shi? Ya danna maɓallin ƙararrawa, ya kira waya in akwai sabis, ya buga ƙofa a ji shi, sannan ya jira. Iska ba za ta ƙare ba, domin ɗakin yana da ƙofofin shan iska. Kada ya ɓamɓare ƙofa, kada kuma ya yarda wani ya jawo shi ta rata, ko da kuwa da kyakkyawar niyya ne. In ɗakin ya tsaya a tsakanin hawa biyu, a ƙarƙashinsa rami ne buɗe har ƙasa, kuma santsi ɗaya ya isa. Gaskiya ne liftar da ke da lafiya ba ta motsawa in ƙofarta na buɗe, amma kai da ke ciki ba ka da hanyar sanin ko wani makanikin ganganci ya haɗe wayoyin makullin don ya huta da gyara. Makanikin lifta ko 'yan kwana-kwana ne kaɗai ya kamata su fitar da mutum, bayan sun kashe babban makunni. Haka kuma kada mutum ya taka cikin lifta sai ya ga ɗakin da idonsa, ko da ƙofa ta buɗe. In kuwa gobara ce ta tashi, matakala ita ce hanya.

Sai maganar lodi, wadda ta shafe mu kai tsaye. A cikin kowace lifta akwai ɗan allo da aka rubuta iyakar abin da take ɗauka, kamar kilo 630, mutum 8, ko kilo 450, mutum 6. Ana lissafin kowane mutum ne a kan kilo 75. Saboda haka mutum huɗu da buhun shinkafa takwas masu kilo 50 sun kai kilo 700, sun wuce ƙa'idar mai kilo 630, duk da cewa ido zai ga akwai sauran wuri. Mu da muka saba ganin an yi wa mota lodi har ta durƙusa, ya kamata mu ajiye wannan ɗabi'a a bakin ƙofa. In lifta ta yi ƙara ta ƙi tashi, gargaɗi take yi, a rage kaya a yi sawu biyu.

To amma duk hankalin mai hawa ba zai yi amfani ba in mai gida ya yi watsi da gyara. Igiyoyi suna sanɗewa, birki yana cinyewa, makullan ƙofa suna saki, batir yana mutuwa, kuma ba ɗaya daga cikinsu da mai hawa ke gani. Ba mu manta da abin da ya faru a Legas ba a ranar 1 ga Agusta, 2023, inda lifta ta rikito da wata matashiyar likita a gidan kwanan likitoci na Babban Asibitin Odan, ta rasa ranta, abokan aikinta kuma suka fito suna cewa sun daɗe suna kokawa da lalacewar na'urar. Ita ma Faransa sai da ta ga mace-mace, har da na ƙananan yara, sannan ta yi doka a 2003 wadda ta tilasta wa masu gidaje gyara tsofaffin liftoci. A ƙarƙashin wannan tsari, dole makaniki ya duba lifta aƙalla sau ɗaya a kowane mako shida, sannan a kowace shekara biyar wani mai bincike na daban, wanda ba ruwansa da kamfanin gyaran, ya zo ya tantance ta. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Saboda haka muna kira ga hukumomin da abin ya shafa, musamman ofishin magajin garin Libreville da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta AGANOR, da su tabbatar cewa kowace lifta da jama'a ke hawa an san da zamanta, ana kuma bincika ta a kan lokaci. A riƙa manna takarda a cikin ɗakin, wadda ke nuna ranar da aka duba ta ta ƙarshe da lambar wanda za a kira, yadda kowa zai gani, kamar yadda ake neman takardar lafiyar mota a hanya. A gari mai fama da ɗauke wuta, bai kamata a bar wani bene, balle asibiti, ya yi aiki da liftar da ba ta da batirin ceto ba, wato na'urar da ke lallaɓawa da ɗakin zuwa hawa mafi kusa ta buɗe ƙofa in wuta ta ɗauke. A kuma koya wa masu gadi abin da za su yi da wanda ba za su yi ba, domin su ne na farko da ke jin ihun wanda ya maƙale.

Muna kuma kira ga attajiranmu da Allah Ya hore wa gina benaye, a nan Gabon ko a can gida Kano da Maraɗi, da su tuna cewa sayen lifta somin-taɓi ne, riƙon ta shi ne aiki. Kafin ka biya kuɗi, ka tambaya: wane iri ce ta dace da tsawon ginina da abin da za ta riƙa ɗauka? Akwai makanikinta a garin nan? Ana samun kayan gyaranta, ko sai an yi wata uku ana jiran jirgi? Tana da batirin ceto? Janaretata za ta iya da ita? Wanda ya sayo tsohuwar lifta da aka cire daga wani gini a Turai don ya ga arha, ya tuna cewa arha ba ta ado. Wanda kuma ba zai iya biyan kuɗin kula da ita duk wata ba, gara ya gina matakala mai faɗi ya huta, domin ran duk wanda ya shiga ɗakin nan amana ce a wuyansa. Mai karɓar hayar shago ko ofis a saman bene shi ma yana da haƙƙin ya nemi ganin takardar gyara kafin ya sa hannu.

Daga ƙarshe, muna roƙon shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa, daga Mont-Bouët har zuwa kasuwannin kan iyaka, da masu masauki da ke karɓar baƙi a Awendjé da sauran unguwanni, da su riƙa faɗakar da mutanensu, musamman baƙon da bai saba ba, da mata masu goyo da ƙananan yara. Shi kuma dattijon namu mai ciwon gwiwa, muna ba shi shawara ya koma hawa abinsa, amma ya riƙa duba allon nauyi, ya riƙa tambayar ranar gyara, in kuma ta tsaya da shi ya danna ƙararrawa ya jira. Allah Ya kiyaye mu, Ya kai kowa gida lafiya, amin.